BINDIGA BA TA NOMA

Ya ku 'yan'uwa, shugabannin rassa da sakatarori da dukan 'yan jam'iyya na Matankari, da Dogon Dutsi, da Dogon Kirya, da Sukukutan, da Ɗan Kasari, da Tibiri, da Kore Mairuwa, da Gesheme, da Dumega, maganar da za mu yi da ku a wannan fitowa mai nauyi ce, watau maganar bindiga. Mun ji ana ta raɗe-raɗi a rumfunan kasuwa da bakin tasha, wai tun da ɓarayin daji sun matso, to, kowane gari ya yi karo-karo ya sayo bindigogi ya raba wa samarinsa. Muna so ku ji matsayin jam'iyya daga bakinmu, kada ku ji shi a bakin wani. Jam'iyya ba ta yarda da wannan shawara ba, kuma ba za ta yarda wani reshe nata ya sa hannu a ciki ba. Ga dalilanmu, ku auna su da hankalinku.

Da fari dai, ba mu ce masu wannan magana mahaukata ne ba. Tsoro ne ya sa su, tsoron kuwa yana da dalili. A watan Yuni na 2024, a kusa da Salkam cikin yankin Tibiri, an kashe sojoji 6 masu gadin bututun man fetur wanda ya taso daga Agadem ya ratsa jihar Doso ya nufi bakin teku a ƙasar Binin. A watan Nuwamba na wannan shekara ta 2024 kuma, a garin Mera na ƙasar Augie cikin jihar Kabi, an kashe mutum aƙalla 15 waɗanda suka bi sawun shanunsu da aka kora. Kafin wannan, a watan Oktoba na 2021, an buɗe wuta a kasuwar Goronyo ta jihar Sakkwato ranar da take ci, aka kashe mutum fiye da 40. Tun daga 2019 kuwa dubban mutanen Zamfara da Sakkwato da Katsina suka ƙetaro zuwa Gidan Runji da sauran garuruwan jihar Maraɗi, sun bar gonaki da rumbuna. Waɗannan duka maƙwabtanmu ne, da su muke cin kasuwa, da su muke auratayya. Wanda ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta, in ya nemi ruwan shafa wa nasa, bai yi laifi ba. Abin tambaya shi ne, shin abin da ake miƙo mana ruwa ne ko kuwa kananzir?

Mutanen ƙasar Arewa ba yau suka fara sanin bindiga ba. A shekarar 1899 wasu hafsoshin Faransa biyu, Kyaftin Vule da Kyaftin Shanwan, suka ratso ƙasar nan da runduna, suna ƙone garuruwa, suna kwashe hatsi da dabbobi, suna kama mata da yara. A watan Afrilu suka gamu da Sarauniya Mangu a Lugu, ita da mutanenta da kwari da baka, su da bindigogi masu saurin ɗuri. A watan Mayu suka afka wa Birnin Ƙonni, suka yi kisan da har yanzu ba a manta ba. To, ina ƙarshensu? Gwamnatinsu ta aiko wani babban hafsa mai suna Kanar Kulob ya tsai da su, Vule ya sa aka harbe shi ran 14 ga Yuli. Kwana biyu zuwa uku bayan haka sojojin da su da kansu suka ɗora wa bindiga suka juyo suka kashe su duka biyu. Ku riƙe wannan darasi. Bindigar da ta fita daga ƙarƙashin doka ba ta san ubangijinta ba, ko da a hannun mai kaki take, balle a hannun yaron da aka ba ita da dare a bayan gari.

Bindigar yau kuwa ta fi ta Vule sharri nesa ba kusa ba. Kalashi, wadda aka ƙera a ƙasar Rasha a 1947, gidan harsashinta ɗaya yana cin harsashi 30, ana iya zazzage su cikin 'yan daƙiƙoƙi. Ba ta da wuyar koyo, ba ta tsoron ƙura, ba ta lalacewa da wuri, wadda aka sayo yau jikan mai ita zai iya tarar da ita tana harbi. A 2018 wata cibiyar bincike ta birnin Janiba mai suna Small Arms Survey ta ƙiyasta bindigogin da ke duniya sun haura miliyan dubu, miliyan 857 daga ciki kuwa a hannun farar hula suke. Babu masana'antar kalashi ko ɗaya a Dallol Mauri, amma ga ta ta iso mu. Ta ina? Wata daga rumbunan makaman Libiya da aka fasa bayan faɗuwar Gaddafi a 2011, ta biyo hamada. Wata daga barikokin sojojin ƙasashen nan namu da aka kai wa hari aka kwashe kayansu. Wata kuwa wani maci amana ne ya fitar da ita daga ɗakin ajiya ya sayar. Sa'an nan ta ƙetara iyakar Nijar da Nijeriya, mai tsawon kilomita wajen 1,500, a cikin buhun gawayi ko ƙarƙashin kayan miya. Kowace dala da gari ya tara don sayen bindiga, aljihun waɗannan masu fataucin za ta shiga, su ne kuwa dai ke sayar wa ɓarayin. Watau mu biya su, ɓarayi su biya su, su ci riba ta fuska biyu, mu kuwa mu ci gaba da haƙa kaburbura.

Ku da kuke zaune a garuruwan kasuwa, ba sai an karanta muku littafi kafin ku san abin da bindiga ke yi wa arziki ba. In aka tare hanya sau ɗaya ranar kasuwa, mako mai zuwa makiyayi ba zai koro dabbobinsa ba. In babu dabba a kara, dillali ya wuni a banza, mahauci bai yanka ba, mai tuwo ta kwana da tuwonta, mai amalanke da ɗan kabu-kabu sun koma gida hannu wofi. Babban ɗan kasuwa da ke zuwa da mota daga Yamai ko Ƙonni don ɗaukar wake da dankalin Turawa na lambunan Dutsi da Matankari sai ya sake hanya, ko kuwa ya zo ya taya da wulaƙanci, gama ya san ba mai saye sai shi. Kuɗin da hukuma ke karɓa a kasuwa su ragu, da su ne kuwa ake gyaran rijiya da ɗakin karatu. Manomi ya bar gonarsa ta nesa, ya tsaya ga 'yar ta bakin gari wadda ta gaji, gero ya kasa kai shi bazara. In kuma aka sace mutum ɗaya a gida, to, shanun noma da gona da kayan ɗakin mata duk sun tafi kuɗin fansa, gidan da aka yi shekara 30 ana ginawa ya rushe cikin mako guda.

Dubi abin da ya sami jihar Tilaberi. A farkon 2020 aka hana hawan babur a can saboda maharan da shi suke yawo, sai ga talaka ba shi da abin kai mai naƙuda asibiti. A 2022 makarantu fiye da 800 aka rufe a wannan jiha, yara dubbai suka zauna gida. Kuɗin da gwamnati za ta sa a taki da magani da hanya sai ta karkata su wajen harsashi. Wannan shi ne muke nufi da cewa bindiga ba ta noma. Ba ta taɓa cika rumbu ba, sai dai ta kwashe abin da fartanya ta tara.

To, sai wani ya ce, ai wannan duk aikin bindigar ɓarawo ne, tamu ta gadi ce. Jama'a, kowace bindiga da sunan gadi take shigowa gari. Ku tambayi mutanen Tangaza da Gudu a jihar Sakkwato. Wajen shekarar 2017 ɓarayin shanu sun dame su, sai wasu manyansu suka nemi taimakon waɗansu baƙi masu makamai da suka fito ta wajen Mali da Nijar. Baƙin suka kori ɓarayi, aka yi murna. Ba a jima ba suka fara karɓar shanu da sunan zakka, suna yi wa mutane bulala, suna kafa dokarsu bisa ta sarakuna. Su ne ake kira Lakurawa, su ne suka yi kisan Mera, har wata kotun Nijeriya ta sa su cikin 'yan ta'adda a watan Janairu na 2025. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Ku tambayi mutanen Banibangu. A watan Maris na 2021 an tare motocin masu dawowa daga kasuwar garin aka kashe mutum 58. Zuciya ta ɗebi jama'a, aka kafa ƙungiyoyin sa-kai. Ran 2 ga Nuwamba na wannan shekara magajin garin da kansa ya ja tawaga bisa babura suka shiga daji neman maharan, aka yi musu kwanton ɓauna, mutum 69 suka kwanta, har da shi. Jarumtarsu ba abin musu ba ce, Allah ya jiƙan su. Amma manomin da ya riƙe bindiga jiya ba zai kara da wanda yaƙi ne sana'arsa ba, kuma garin da aka san ya ɗauki makami shi ake fara nufa, ba a kuwa bambanta mai bindiga da mai tallan fura.

Ku tambayi Zamfara. Can 'yan sa-kai suka tashi don maganin ɓarayi, sai abin ya koma farautar kabila, ana kama Bafillace a tsakiyar kasuwa ana kashewa ba tare da alƙali ba. 'Yan'uwan waɗanda aka kashe suka sayar da shanu suka sayi makamai, suka shiga daji, ramuwa ta bi ramuwa. A watan Yuni na 2022 gwamnatin jihar da kanta ta ce wa mutane su nemi izinin riƙe bindiga su kare kansu. Kisan bai tsaya ba. Mu ma a Nijar mun ɗanɗana irin wannan. A Toda ta jihar Maraɗi, a watan Oktoba na 1991, rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka fiye da 100, yawancinsu mata da yara, a lokacin da kalashi ba ta yawaita a ƙauyuka ba. Ku ƙiyasta in da tana hannun kowa ran nan. A ƙasar nan Ba'are da Bafillace da Buzu da Bazabarme rijiya ɗaya suke sha. Ran da saniya ta shiga gona, sanda da baki sun isa a yi rigima a kai ƙara gun maigari, a biya ɓarna, a rabu. In akwai bindiga a ɗaki, gawa za a kai masa.

Mun san tambayar da ke bakinku: ashe mu naɗe hannu a yanka mu kamar kaji? A'a. Tsaron rai da dukiya hakki ne na kowane ɗan ƙasa, domin shi ne aka nemi 'yanci, domin shi ne talaka ke biyan haraji. Abin da muka ce shi ne, bindigar yaƙi ta zauna a hannun da doka ta sani, mai lamba, mai shugaba, wanda in ya yi harbi za a tambaye shi ina harsashi ya tafi. Saurayin da zuciyarsa ke tafasa, ƙofar aikin soja da jandarma da gardi a buɗe take, ya shiga ya sami horo, mu yi masa rakiya da addu'a. Gari kuwa yana da nasa makamin wanda ya fi ƙarfe. Ɓarawon daji ba ya haƙo fetur a daji, ba ya noma shinkafa, ba ya saƙa katin waya, bai kuma san wane ne ya sayar da sa jiya ba sai an gaya masa. Duk wannan daga cikin gari yake fita. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Garin da ya toshe wannan tsaga ya yi wa ɓarawo illar da bindiga 10 ba za su yi masa ba.

Kada kuma wani ya ce muku makamin da ya riga ya bazu ba ya tattaruwa. A ƙasar nan an yi. Tun 1994 aka kafa hukumar ƙasa mai tattara haramtattun makamai, wadda ake kira CNCCAI. Bayan sulhun 24 ga Afrilu 1995 da 'yan tawayen arewacin ƙasa, aka tara bindigogi fiye da 1,000 a Agadas aka cinna musu wuta a gaban jama'a ran 25 ga Satumba 2000, kamar yadda aka yi a Tambutu ta ƙasar Mali a watan Maris na 1996. Abin da ya sa wannan ya yiwu shi ne an haɗa shi da alkawari, aka ɗauki waɗansu tsoffin mayaƙa aiki, aka ba mutane dalilin ajiye makami. Da aka ga alkawuran ba su cika yadda ake so ba, tawaye ya sake tashi a 2007. A Zamfara kuwa, a 2020, gwamna ya yi tayin shanu 2 ga duk wanda ya kawo kalashi ɗaya, alhali hanyar shigowar makamai a buɗe take. Wanda ke kwarfar ruwa daga jirgi bai toshe huda ba, gajiya kawai zai yi. Tattara makami sai da adalci, sai da aikin yi ga samari, sai da toshe hanya.

Saboda haka muna kira ga mahukunta, daga ferefe na Dutsi da na Tibiri har zuwa Yamai, da murya ɗaya. A sa jami'an tsaro bisa hanyoyi ranakun kasuwa, tun daga fitowar mutane har komawarsu, gama gari ba zai ƙi sayen bindiga ba in ya kira bai ga kowa ba. A sa wa kowace bindigar gwamnati lamba, a riƙa ƙidaya ta, wanda kuwa aka kama ya sayar da makami ko harsashi a hukunta shi a fili kome girman muƙaminsa. A ba da wa'adin afuwa, wanda ya kawo makami da kansa a karɓa a ba shi takardar shaida, kada a tsare shi, kada a tatse shi. Abin da aka tara a ƙone shi a filin Dutsi kowa na gani, kada a mai da shi ɗakin ajiya ya sake fita ta taga. Sa'an nan a riƙa magana da hukumomin Kabi da Sakkwato. Ƙasashen CEDEAO sun sa hannu a kan yarjejeniyar ƙananan makamai a Abuja a watan Yuni na 2006, Nijar kuwa ta fita daga wannan ƙungiya a watan Janairu na 2025. Fitar ba ta ɗauke Kangiwa da Bachaka daga inda Allah ya ajiye su ba. Mai fataucin makami ba ya tsayawa a kan iyaka, bai kamata masu farautarsa su tsaya ba.

Ga kuma aikin da jam'iyya ta ɗora wa kowane reshe, a fara shi daga taron mako mai zuwa.

Na ɗaya, kada kuɗin reshe ko na adashi ko na wata ƙungiyar da muke ciki ya shiga sayen makami. Ɗan jam'iyyar da ya karɓi karo-karon bindiga ya fitar da kansa daga cikinmu.

Na biyu, kowane reshe ya nemi maigari da liman da ardo da sarkin noma da sarkin kasuwa, a kafa kwamitin sa ido wanda babu bindiga a cikinsa. Tilas a sa makiyaya a ciki, tilas a sa mata. Kwamitin da kabila ɗaya ta cika shi ba namu ba ne. A san lambar wayar jandarma da ta garuruwan maƙwabta, a san wanda zai kira in an ga baƙon abu.

Na uku, a zauna da masu sayar da fetur a kwalba, da masu burodi, da masu sayar da magani, da dillalan dabbobi. Wanda ya zo sayen jarka 10 ba a san motarsa ba, a tambaya. Dabbar da ba a san mai ita ba, aka karya kuɗinta, kada a saya. Mai sayen saniyar sata abokin ɓarawo ne, ko da carbi a hannunsa.

Na huɗu, mafarauta da maƙera 'yan'uwanmu ne, ba mu hana su sana'a ba. A taimake su su rubuta bindigoginsu na farauta gun hukuma, maƙeri kuma kada ya ƙera wa wanda bai sani ba.

Na biyar, kafin shuka a bi burtali da mashaya tare da hukumar filaye ta COFO, wadda ta samo asali daga dokar karkara ta 1993, a ga inda aka cinye a gyara. Da kaka a sanar da ranar sakin gonaki a kasuwa da masallaci da ruga, kowa ya ji. Rigimar da aka kashe a gindin bishiya ba ta kai ga harsashi.

Na shida, wanda kuka san yana da makami a ɓoye, kada a tona shi a bainar jama'a, kada a yi masa taron dangi. A aika dattijon da yake jin nauyinsa ya lallashe shi, a raka shi ya miƙa. Ku kuma iyayenmu mata, ku kuka san abin da ke ƙarƙashin gado da cikin rumbu, ku kuka san yaron da ya fara kashe kuɗin da ba a san inda ya samo ba. Maganarku a cikin gida ta fi tamu a kan takarda.

Na bakwai, sakataren kowane reshe ya riƙa rubuta abin da ya faru: ranar da aka tare hanya, abin da aka kora, lokacin da aka kira hukuma da lokacin da ta iso. Kada a ƙara, kada a rage. A aiko mana kowane wata, domin da wannan ne za mu tsaya gaban mahukunta mu yi magana ba da jita-jita ba.

'Yan'uwa, kakanninmu sun ga rundunar Vule ta wuce, suka dawo suka sake gina garuruwansu da fartanya da guga. 'Yancin da aka karɓa ran 3 ga Agusta 1960 ba zai yi wa talaka amfani ba in bai iya kai akuyarsa kasuwa ya dawo da kuɗinta lafiya ba. A karanta wannan takarda a taron reshe, a karanta wa wanda bai iya karatu ba, in an gama a miƙa ta gari na gaba. Allah ya tsare ƙasar Arewa, ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da Nijar lafiya. Amin.